Batirin Babur: In Ya Sauka, Yaya Za A Yi?

Bara, bayan kaka, wani ɗan ajinmu ya tafi ci-rani. Ya jingine babur ɗinsa a zaure, ya lulluɓe shi da buhuna. Ya yi wata 4 bai dawo ba. Ran da ya dawo ya kakkaɓe ƙura, ya sa makulli ya murɗa, shiru. Fitila ba ta kama ba, hon bai yi kuka ba. Maƙwabta suka ce masa batir ya mutu. Ran kasuwa ya ja akuyarsa ya sayar, ya sayo sabon batir, ya jefar da tsohon bayan danga. Babur ya tashi, murna ta kama shi. Amma kafin mako 3 sabon batirin ma ya sauka. Ga akuya ta tafi, ga babur a tsaye.

To, jama'a, abin da ya sami wannan mutum yana iya samun kowa. A ƙauye babur ba abin ado ba ne. Shi ke kai hatsi kasuwa, shi ke ɗauko taki, shi ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Saboda haka ya kamata kowane mai babur ya san batirinsa kamar yadda mai jaki ya san jakinsa. Abin da za mu koya yau shi ne: batirin da ya sauka sau da yawa suma ya yi, bai mutu ba. Mu koyi rarrabe suma da mutuwa, mu koyi farfaɗo da shi, mu kuma nemi abin da ya sumar da shi kafin mu fid da kuɗi.

Mene ne a cikin batir?

Batir kamar randa yake. Randa ba ta haifar da ruwa, ajiyewa take yi. In ana ɗiba ba a zubawa, sai ta ƙafe. Haka batir yake ajiye wutar lantarki. Mai zuba masa wuta shi ne injin babur, lokacin da yake aiki. Masu ɗiba kuwa su ne sitata, da fitila, da hon, da sigina.

A cikin batirin babur akwai ɗakuna 6. A kowane ɗaki akwai faifan dalma a jere, an jiƙa su cikin wani ruwa mai ci, wanda ake kira asid. Kowane ɗaki yana ba da ƙarfin wuta bolt 2. Ku yi lissafi: 6 sau 2, 12 ke nan. Shi ya sa za ka ga an rubuta 12V a jikin batir. Harafin V yana nufin bolt. An samo wannan suna daga Bolta, wani masani mutumin Italiya, wanda ya ƙera batir na farko a shekarar 1800. Irin batirin dalma kuwa, wanda ake iya sake cika shi, wani mutumin Faransa mai suna Gaston Plante ne ya ƙago shi a shekarar 1859. Har yau irinsa ne ke cikin yawancin babura da motoci.

Akwai wani rubutu kuma da za ka gani, kamar 5Ah ko 7Ah. Wannan shi ne girman randar. Batir mai 7Ah ya fi mai 5Ah ɗaukar wuta. Ka riƙe wannan lamba, za mu yi aiki da ita nan gaba.

Batir yana da kai biyu. Ɗaya yana da alamar tarawa, wato +, wayarsa yawanci ja ce. Ɗayan yana da alamar ɗebewa, wato –, ita ce wayar da ke haɗe da ƙarfen babur. Waɗannan alamu biyu mun koye su a darasin lissafi. Ga ranarsu ta zo.

Batura iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai murfi, wanda ake buɗewa a ƙara masa ruwa. Akwai kuma rufaffe, wanda ba a ƙara masa kome. Kada ka ɓamɓare rufaffen batir, ko da wani ya ce ya iya.

Me ke sa batir ya sauka?

Na ɗaya, ajiye babur ba a hawa. Batir yana tsiyayar da wutarsa da kaɗan da kaɗan ko ba a taɓa shi ba, kamar yadda randa ke tsattsafo. Lokacin zafi abin ya fi sauri.

Na biyu, mantuwa. Mutum ya bar makulli a kunne, ko fitila, ya kwana.

Na uku, ɗora masa kayan da suka fi ƙarfinsa: cajin waya da inji a kashe, da rediyo, da ƙarin fitilu na ado.

Na huɗu, ƙafewar ruwa. Zafin bazara yana shanye ruwan batir mai murfi, faifan dalma su fito fili su bushe.

Na biyar, babur ɗin kansa ba ya zuba wa batir wuta. Wannan yakan faru in kwayil ya ƙone, ko wani ɗan akwati da makanikai ke kira rektifaya ya lalace, ko waya ta tsinke.

Na shida, tsufa. Batirin da ake kula da shi yakan kai shekara 2 ko 3. Bayan nan ƙarfinsa sai raguwa.

Me ya sa jinkiri ke kashe batir?

Wannan wuri ku saurara da kyau. Duk sa'ad da batir ya ba da wuta, wani farin abu kamar gishiri yakan kwanta a jikin faifan dalma. In aka yi caji da wuri, gishirin nan sai ya narke ya koma cikin ruwa, batir ya dawo yadda yake. Amma in aka bar batir a sauke mako da makonni, gishirin sai ya daskare ya yi tauri. Ku tuna da tukunyar tuwo. In an jiƙa ta da dare, ƙanzo yana fita da sauƙi. In an bar ta kwana da kwanaki, sai an sha wuya. Gishirin batir da ya daskare, caji ba ya narkar da shi duka. Batirin da ya sauka jiya yana da sauƙin farfaɗowa. Wanda ya yi wata 6 a sauke, da wuya ya koma kamar da. Don haka ran da ka ga batirinka ya sauka, ran nan za ka fara nema masa magani.

Abin da za ka fara dubawa

Kafin ka ɗora wa batir laifi, ka duba abu uku. Ba sa cin ko kwabo.

Ka duba kan batir. Ko noti ya kwance? Ko wani farin gari ko kore ya taru a kai? Wannan datti yana tare wuta. Ka kwance wayoyin, ka jiƙa kanwa a ruwa, ka goge kan batir da tsohon tsumma, ka ɗauraye, ka shanya. Ruwan kanwa yana kashe kaifin asid. Amma ka lura, kada ko ɗigo ɗaya ya shiga cikin batir, don zai ɓata ruwan ciki.

Ka duba fis. Fis wani ɗan ƙaramin abu ne kusa da batir, yana da siririyar waya a cikinsa. In wayar ta tsinke, babur zai yi shiru kamar batir ya mutu, alhali batir lafiyarsa lau. Ka sa sabon fis mai lamba daidai da tsohon. Kada ka ɗaure wurin da waya ko takardar sigari. Fis shi ne mai gadi, in babu shi wayoyin babur suna iya kama wuta.

Ka duba jikin batir. In ya kumbura, ko ya tsage, ko yana yoyo, magana ta ƙare. Wannan ya mutu. Kada ka kai shi caji, yana iya fashewa.

Yadda ake awon batir

Makanikai da masu cajin batir suna da wani ma'auni da ake kira mita. Ana ɗora jar wayarsa a kan +, baƙar kuma a kan –, sai lamba ta fito. Kada ka tsaya nesa ka jira a faɗa maka. Ka matsa ka karanta da idonka. Ga ma'anar lambobin, in inji yana kashe:

12.6 ko fiye: batir a cike yake.
Wajen 12.2: saura rabi.
12.0 ko ƙasa: saura kaɗan, a yi caji yau.
10.5 ko ƙasa: ya ƙafe ƙaf, ko kuwa ɗaki ɗaya ya mutu.

Wasu sukan haɗa kai biyu na batir da guntun ƙarfe su ga ko zai yi tartsatsi. Wannan mugun gwaji ne. Yana ƙona hannu, yana ɓata batir.

In ana gaggawa

Wata rana larura takan zo da dare, ba mai caji kusa. Yawancin baburan da ke ƙauyukanmu suna da kik. Ka kashe fitila, ka kunna makulli, ka buga kik. Sau da yawa inji zai tashi ko batir ya sauka.

In kik ya ƙi, sai turi. Ka hau, ka kunna makulli, ka sa giya ta biyu, ka riƙe kuloci. Mutum biyu su tura ka. In babur ya ɗau gudu sai ka saki kuloci. Da inji ya kama, ka sake riƙe kuloci, ka ɗan murɗa totur. Babur marar giya, irin wanda totur kawai ake murɗawa, ba ya tashi da turi. Haka kuma sababbin babura waɗanda famfon lantarki ke tura musu mai, ba sa tashi sai da wutar batir.

Ana kuma iya aron wuta daga batirin wani babur, ko na mota, in shi ma 12V ne. A haɗa + da +. Sa'an nan a haɗa – na batir mai rai da ƙarfen injin babur ɗinka, nesa da batir da tankin mai. In mota ce, lalle injinta ya kasance a kashe. Da babur ya tashi a cire wayoyin.

Amma kada ka ce tun da inji ya tashi an gama. Wutar da ƙaramin inji ke zubawa kaɗan ce. Tafiyar rabin awa ba ta cika batirin da ya ƙafe ƙaf. Kada kuma ka cire batir ka riƙa hawa haka nan, ƙwan fitila da rektifaya suna iya ƙonewa. Bayan larura ta wuce, sai a kai shi caji.

Yadda ake farfaɗo da batir

Da farko ka kashe makulli. Ka fara kwance wayar –, sa'an nan wayar +. Dalili kuwa, ƙarfen babur duka a haɗe yake da –. In ka fara da +, sifana ya taɓa ƙarfen babur, wuta za ta tashi. Ka ɗauki batir a tsaye, kada ka kwantar da shi.

In mai murfi ne, ka duba ruwansa. A jikinsa akwai layi biyu, na sama da na ƙasa. Ruwan kowane ɗaki ya kamata ya tsaya tsakaninsu. In ya yi ƙasa, sai a ƙara. To, a nan ne mutane da yawa ke kuskure, don abu biyu ne ake kira ruwan batir a kasuwa. Ɗaya asid ne, mai ci. Ana zuba shi sau ɗaya tak, ran da batir yake sabo. Ɗayan kuwa tataccen ruwa ne, wanda aka dafa aka tara tururinsa. Shi ake ƙarawa. Zafi ruwa kaɗai yake shanyewa, asid yana nan ciki. In ka ƙara asid, kaifinsa zai yi yawa ya cinye dalma. Kada kuma ka zuba ruwan rijiya, ko na rafi, ko na leda. Akwai gishirin ƙasa a cikinsu mai ɓata batir.

Yanzu sai caji. Ƙa'idarsa ita ce: a raba lambar Ah gida 10. Abin da ya fito shi ne yawan wutar da za a riƙa ba shi, ana auna ta da amfiya. Batir mai 5Ah, a ba shi rabin amfiya, wato 0.5. Mai 7Ah, a ba shi 0.7. A haka zai yi wajen awa 10 kafin ya cika. Wasu batura an ma rubuta wannan ƙa'ida a jikinsu.

Wani mai caji zai ce ka zauna, cikin rabin awa zai cika maka. Kada ka yarda. Babbar caja ta mota tana dafa ƙaramin batir, faifan ciki su lanƙwashe. Wanda ya daɗe da yunwa da kunu ake fara masa, kaɗan kaɗan. Haka batir. Sannu ba ta hana zuwa. Ka riƙa taɓa jikinsa. Ɗumi ba laifi, amma in ya yi zafi a cire shi ya huce.

Wanda ke da faifan sola a gida yana iya caji da shi, amma sai ta cikin ɗan akwatin nan mai daidaita wuta. Faifan sola shi kaɗai, da tsakar rana, yana ba da bolt 18 ko fiye. In an haɗa shi da batir kai tsaye an manta, zai ƙona shi.

Lokacin caji batir yana fid da wata iska marar launi, mai kama wuta. A yi caji a wuri mai iska. A sassauta murfin batir mai murfi. Kada a kawo taba, ko ashana, ko aci-balbal kusa. A kashe caja kafin a cire wayoyinta.

Suma ce ko mutuwa?

Bayan caji a bar batir ya kwana ba a haɗa shi da kome ba. Da safe a sake awo. In ya nuna 12.6 ko kusa da haka, ya farfaɗo. In ya tsaya wajen 10.5, ɗaki ɗaya ya mutu, don 5 sau 2 goma ne. Ba caji da zai tashe shi. In kuwa ya nuna 12.6, amma da ka danna sitata lamba ta faɗo ƙasa da 9 inji bai juya ba, to gishiri ya cinye shi. Sai sabo.

Wajen mayarwa ka juya tsarin: ka fara ɗaura +, sa'an nan –. Ka ɗaure noti sosai, ka shafa ɗan giris a kai don kada datti ya sake taruwa.

Saura gwaji ɗaya, shi ne wanda ɗan ajinmu bai yi ba. Ka ta da inji, ka ɗan murɗa totur, a ɗora mita a kan batir. Ya kamata lamba ta hau zuwa tsakanin 13.5 da 14.5. In ba ta motsa daga 12 ba, babur ba ya zuba wuta. In ta wuce 15, wutar ta yi yawa, tana dafa batir. Ko wanne ne, a kai wa makanike ya duba kwayil da rektifaya da wayoyi. In ba a gyara wannan ba, ko batir goma ka saya duk za su bi sawun na farko.

Sayen sabon batir

Ka tafi kasuwa da tsohon, ko ka rubuta abin da ke jikinsa a takarda. Ka dubi abu huɗu: bolt ɗinsa 12, lambar Ah daidai da ta tsohon, girmansa ya shiga mazauninsa, kuma + da – suna gefen da na tsohon suke. In an juya su, wayoyin babur ba za su kai ba, in kuwa an haɗa su a juye za a yi ɓarna.

In irin wanda ake zuba wa asid ran saye ne, a bar shi ya huta kamar rabin awa bayan an zuba, sa'an nan a yi masa caji a hankali kafin a ɗaura. In rufaffe ne, ka ce a auna shi a gabanka. Wanda ya daɗe a kanti yana iya sauka tun ba a sayar ba. Ka karɓi rasit, ka rubuta ranar saye a jikin batir. Wanda ya cika araha kuma ga shi ba nauyi, ka yi hattara da shi, don nauyin batir dalma ce. Araha ba ta ado.

Tsohon batir guba ne

Kada ka jefar da tsohon batir bayan gida, kada ka zubar da ruwansa a ƙasa ko kusa da rijiya. Kada ka fasa shi don ka narka dalma. Asid yana cin fata da tufa. In ya taɓa jiki a wanke da ruwa mai yawa. In ya shiga ido a yi ta kwarara ruwa minti 15, a tafi asibiti.

Dalma ta fi asid sharri, don ita a ɓoye take aikinta. Ƙurarta tana shiga jikin yaro ta baki, ta ɓata masa ƙwaƙwalwa. Mun tuna abin da ya faru a Zamfara a shekarar 2010, inda ƙurar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a gidaje ta kashe yara wajen 400. A ƙasar Senegal kuma, kusa da birnin Dakar, yara 18 suka mutu tsakanin 2007 da 2008, a wata unguwa da ake fasa tsofaffin batura ana tattara dalmarsu. Saboda haka ka mayar da tsohon batir a rufe ga mai sayar da batura. Sau da yawa ma zai rage maka kuɗin sabo. In ka taɓa batir, ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci.

Rigakafi ya fi magani

Ka duba ruwan batir sau ɗaya a wata, lokacin bazara kuwa sau biyu. Ka kashe fitila kafin ka danna sitata. Ka ajiye babur a inuwa. In za ka yi tafiya mai nisa, ka cika batir, ka kwance wayar –, ka bar wa ɗan'uwanka wasiyya ya kai shi caji sau ɗaya kowane wata.

Ɗan ajinmu daga baya ya kai babur wurin makanike. Aka ɗora mita, inji yana aiki, lamba ba ta motsa ba. Da aka bi waya sai aka tarar ɓera ya cinye ta, tun lokacin da babur ke ƙarƙashin buhuna. Aka haɗa wayar, aka yi wa sabon batir caji a hankali, ya farfaɗo. Kuɗin gyaran bai kai na kaza ɗaya ba. Yanzu in an ɗora mita, shi ke karanta lambar da kansa.

Tambayoyi

1. Ɗakuna nawa ne a cikin batir mai 12V? Bolt nawa kowane ɗaki ke bayarwa?
2. Wace waya ake fara kwancewa, + ko –? Don me?
3. Batir mai 9Ah, amfiya nawa ya kamata a ba shi wajen caji?
4. Wane irin ruwa ake ƙara wa batir mai murfi?
5. Inji yana aiki, mita ta nuna 12.1. Ina laifin yake?
6. Ka je ka dubi batirin wani babur a unguwarku. Ka rubuta abin da ke jikinsa a littafinka, ka kawo aji gobe.